Barmo Mai Gawayi da Lakar Gindin Randa

To jama'a, tunda an yi la'asar kuma rana ta yi sanyi, ku gyara zama. Ga wata tatsuniya nan na kawo muku, amma ba ta dawa ba ce, babu zaki babu kura, ta mutane ce irinmu. Ku kasa kunne da kyau, don in na kai ƙarshe shari'a zan ɗora muku, kuma ba na son in ji mai cewa farkon ya wuce shi.

A wani gari da ake kira Dogon Marke an yi wani dattijo mai suna Barmo, mai ƙona gawayi. Shekara arba'in yana wannan sana'a a kan gangaren da ke saman tafkin garin. Mutum ne mai ƙarancin magana, hannuwansa sun rine har sabulu ya gaji ya ƙyale su. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ta bar masa 'ya'ya uku. Babbar ita ce Tabawa, tana aure a nan cikin gari, a gidan masunta. Mai bi mata shi ne Cindo, yana dafa mazarƙwaila a fadama. Autar kuwa, Hansai, ta yi karatu mai zurfi, tana aiki a ɗakin binciken wata jami'a a birni.

Tafkin nan shi ne ran garin. Daga shi ake sha, a nan dabbobi ke kwankwaɗa, kuma rabin gidajen Dogon Marke da kifinsa suke ɗora tukunya. Wani ɗan rafi ne ke gangarowa daga arewa yana ciyar da shi.

Wata bazara sai kifi ya fara mutuwa. Da safe a tarar da karfasa da tarwaɗa sun juya ciki sama a bakin ruwa, kuma in aka buɗe gefen kansu, wajen da suke numfashi, sai a ga ya yi baƙi-baƙi. Masunta suka ce ruwa ba ya tsami banza. Suka duba hagu, suka duba dama, ba su ga wani baƙin abu kusa da tafki ba sai ramukan gawayin Barmo. Wasu kaɗan suka tuna cewa can a kan rafin, tafiyar rabin yini, an gina wata sabuwar masana'antar batir. Amma masana'anta tana da katanga da masu gadi, Barmo kuwa ko ƙyauren kirki ba shi da shi.

Dagaci mutum ne mai son adalci, bai yarda a yanke hukunci da zato ba. Ya kai kuka ga hukuma, aka turo masu bincike su ɗibi ruwa su gwada. A nan ne fa aka tafi gyaran gira aka rasa ido. Baƙin sun iso da rana tsaka, a gajiye, aka sauke su a zauren dagaci, suka miƙa kwalabensu suka ce a ciko musu da ruwan tafki. Ku kun san halinmu. Wa zai miƙa wa baƙo ruwa mai laka, baƙon ma ɗan birni mai farar riga? Matan gari suka ce wannan abin kunya ba da su ba. Aka kai ruwan gidan Tabawa, don ita ke da manyan randuna, aka jefa alif, farin dutsen nan da ke sa dauɗa ta kwanta, aka tace da sabon ƙyalle, aka cika kwalabe da ruwa garau. Baƙi suka karɓa, suka yi godiya, suka hau mota.

Da damina ta kankama takarda ta dawo, ta ce ba a ga komai na masana'anta a cikin ruwan ba. Shi ke nan, magana ta koma kan Barmo. Aka hana shan ruwan tafki, mata suka koma jido daga rijiyar wani ƙauye mai nisa, kuma duk wadda wuyanta ya yi ciwo da sunansa take tsaki. Aka daina sayen gawayinsa. A masallaci in ya tsaya a sahu, sai ya ji an bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi. Wannan fili ya fi komai yi masa ciwo.

Daga ƙarshe dagaci ya kira shi, ya ce, "Malam Barmo, wallahi ba a son raina ba. Amma jama'a sun taru a kan magana ɗaya. Kafin a gama sussukar dawa ka kashe ramukanka, ka nemi wani gari."

Barmo ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara arba'in ina ƙona gawayi a wurin nan, kifi yana ƙiba. Me ya sa sai bana?"

Ya tashi ya koma gida, ya zauna yana kallon gidan da aka haife shi a cikinsa, da hanyar maƙabartar da iyayensa da matarsa suke kwance. Ba talauci yake tsoro ba, ya saba da shi. Abin da ke cin ransa shi ne ya bar garinsu da sunan wanda ya kashe tafki. Ya kuma hana a gaya wa Hansai, wai kada a tayar mata da hankali a wajen aiki.

Amma zance ba ya ɓuya. Farkon kaka Hansai ta zo ganin gida, ta tarar da mahaifinta yana ɗaure tabarmi. Ta nemi takardar binciken, ta karanta a gaban yayyenta, ta kai wani layi ta tsaya. Ta ce, "Baba, an rubuta nan wai ruwan da aka gwada garau yake. Tun yaushe ruwan tafkinmu ya zama garau da bazara?"

Sannan ta yi musu bayani. Ta ce irin waɗannan masana'antu suna aiki da wani baƙin gari, ɗan'uwan gawayi ne ta wajen asali, amma ƙera shi ake yi. Kowace ƙwayarsa 'yar sila ce mai rami kamar bututu, siririya ƙwarai, gashin kai guda ya fi ta kauri sau dubbai. Masana suna ce musu ƙananan bututun kabon. Ido ba ya ganinsu a ruwa, harshe ba ya jin su. Kuma in aka jefa alif, sai su bi laka su kwanta a ƙasa, ruwan sama ya fito kamar ba abin da ya taɓa shi. Ta ƙara da cewa yanzu ko an sake ɗiba ba lallai a samu ba, don ruwan damina ya cika tafki ya wanke rafi.

To, ga abin da Tabawa ta yi. Ita ce ta jefa alif ɗin nan da hannunta, kuma matan da suka taya ta duk sun yi gum da bakinsu. Mijinta masunci ne, ƙanin Sarkin Ruwa shugaban masuntan garin, wato surukanta su ne kan gaba wajen korar mahaifinta. Da ta yi shiru, da ba mai sani har abada. Barmo ya ga yadda fuskarta ta canza, ya gane, ya kuma kawar da kai don kada ya tilasta mata. Ta tashi ta koma gidanta. Ashe tana da wata ɗabi'a da kowa ke yi mata dariya a kai: ba ta zubar da lakar gindin randa. Tarawa take yi a tsofaffin tuluna a bayan ɗaki, ta rufe da faifai ta liƙe, wai in rani ya yi ta yi daɓe da ita. Tulu bakwai ta tara a bazarar nan, har da lakar ranar da baƙi suka zo. Washegari ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya a kanta, ta bi ta tsakiyar kasuwa, ta jera su a ƙofar dagaci. Ta durƙusa gaban surukanta da dattawan gari ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwan da aka gwada ba ruwan tafki ba ne, ruwan randata ne. Ni na sa alif, ni na tace. Ga abin da ya kwanta." Ranar ta sha magana. Uwar mijinta ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarta ba.

Dagaci ya yarda a gwada lakar, amma ya ce wa'adin sussukar dawa yana nan. Sarkin Ruwa kuma ya sa sharaɗi, cewa duk abin da za a yi da tulunan a yi shi a gaban idonsa.

Sai dai fa tulu bakwai na laka da ruwa ba ya shiga na'urar bincike. Hansai ta ce abin da take nema bai fi ƙwayar gero guda a cikin rumbu ba, kuma na'urarta ɗigo ɗaya take karɓa a kan ɗan gilashi. Dole a raba shi da yashi da laka, a tattara shi wuri guda. Injin da ke wannan aiki a wajensu ya lalace, gyaransa sai bayan watanni, ga dawa ta riga ta fara sunkuyar da kai.

Ga kuma abin da Cindo ya yi. Shi bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma tun yana saurayi yake raba ruwan rake da dauɗarsa. Ya san in aka zuba yauƙin dargaza aka ɗumama a hankali, mai nauyi yakan zauna ƙasa, marar nauyi ya taso da kumfa a kwashe da ludayi. Ya tambayi ƙanwarsa ko abin nata mai nauyi ne, ta ce a'a, ya fi toka rashin nauyi, kuma ba ya son ruwa. Ya ce to, a bar masa. Amma akwai wani haɗari da shi ya fara hangowa, tun kafin mai ilimin ta faɗa. In ko ɗigon baƙin hayaƙi ya faɗa cikin kaskon daga wutarsa, na'ura gawayi za ta gani, kuma da hannunsa zai ƙulla wa mahaifinsa ƙullin da ba mai kwancewa. Saboda haka ya share wani ɗaki, ya yaɓe shi da sabuwar ƙasa, ya huda bango, ya gina murhu yadda bakin wutar da mafitar hayaƙin duk suna waje, kaskon kaɗai ke ciki. Kaskon ma sabo ya nemo, ya wanke shi sau bakwai. Duk lokacin da zai shiga sai ya yi wanka ya sauya riga, kuma ya hana mahaifinsa ko leƙa ƙofar. Barmo ya zauna can nesa a gindin marke, yana kallon ɗansa na shiga yana fita, Sarkin Ruwa na tsugune a bakin ƙofa kamar mai jiran haihuwa.

Kwana shida ana wannan aiki. Wuta ba ta wuce ta ɗumama ruwan wankan jariri ba, don in ya tafasa komai zai cakuɗe. A cikin kwanakin nan raken da ya riga ya sare ya yi tsami a fadama, abokan aikinsa suka turo har sau uku, ya ce su yi haƙuri. Rana ta shida ya fito da wata 'yar kwalba, a cikinta abin da bai fi cokali guda ba, toka-toka. Sarkin Ruwa ya liƙe bakinta da kakin zuma ya dangwala yatsansa a kai. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to Cindo dai laka ya dafa.

Saura Hansai. Kafin ta tafi ta roƙi mahaifinta ya ba ta gutsuren gawayinsa, ta ƙunshe shi daban. Sannan ta durƙusa ta ce, "Baba, ka yafe ni tun yanzu. In na duba na ga gawayinka ne, haka zan rubuta."

Barmo ya dube ta. Ya ce, "In kin rubuta wani abu daban, ba ni na haife ki ba. Allah ya yi miki albarka."

Na'urar da take aiki da ita haske take karantawa. Takan harba wani siririn haske kore a kan ɗigon abu, hasken ya dawo, ita kuma ta zana yadda ya dawo a fuskar kwamfuta, layi mai hawa da sauka. Kowane abu da irin zanensa, kamar yadda uwa ke gane tarin ɗanta a cikin yara goma. Hansai ta fara da gawayin mahaifinta, ya ba ta tudu biyu masu faɗi, marasa tsini. Ta san bututun nan ba haka suke ba, nasu tudun tsini gare shi kamar ƙaya, da wani ɗan ƙarami can a farkon layi. Sai ta ɗiga abin da Cindo ya tattara, ta shanya, ta kunna.

Ba ta ga komai ba. Ragowar laka da yauƙi suka riƙa mayar da haske da yawa har suka rufe duk wani zane. Ta wanke, ta sake shanyawa, ta rage ƙarfin hasken don kada ya ƙone ɗan abin da take da shi. Ta shiga bin gilashin gurbi-gurbi, kowane gurbi bai kai bakin allura ba. Kwana uku, kwana biyar. Shugaban ɗakin binciken ya ce mata, "Malama Hansai, wasu ma suna jiran na'urar nan. Wani lokaci babu ita ce amsa." Ta roƙe shi ya bar mata sa'o'in da ake tafiya cin abinci. A can gida kuwa an fara yankan dawa, Barmo yana jin sautin sussuka daga masussukar gari, kowane bugu kamar a ƙirjinsa. Bai aika ya tambaye ta ba ko sau ɗaya.

A rana ta tara, a gurbi na ɗari uku da wani abu, layin ya miƙe ya yi tsini, ga ɗan ƙaramin can a farko. Ba ta yi ihu ba. Ta matsa gaba ta sake samu, ta sake samu. Ta kira shugabanta ya duba da idonsa, suka raba ragowar biyu, aka aika rabi wani ɗakin bincike a wani gari, wajen mutanen da ba su san Barmo ba balle 'yarsa. Amsarsu ta zo daidai da tata. Abin da ya shiga tafki ƙerarre ne, ba ramin gawayin da zai iya fitar da shi.

Saura kwana biyu a rufe masussuka takardar sabon sakamakon ta iso. Aka karanta a ƙofar dagaci. Hukuma ta bi rafi ta gano inda ruwan wankin masana'antar ke tsiyayowa, aka sa su toshe su gyara. Barmo ya koma gida ya kwance tabarminsa, ya shimfiɗa guda ya yi sujada, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya je masallaci da magariba, kafaɗa ta haɗu da kafaɗa.

Sai da aka shekara ana yashe tafkin ana gwadawa, sannan aka ce ya halatta a sha. To, a Dogon Marke akwai al'ada. Duk ranar da za a buɗe tafki bayan an rufe shi, ana ɗibo ƙoƙon farko a miƙa wa mutum guda, wanda gari ya yarda ya fi kowa yi masa alheri, ya sha a gaban jama'a kafin kowa ya taɓa ruwan. Ba a raba ƙoƙon nan, ba a kuma ɗibo na biyu da sunansa. Sarkin Ruwa da kansa ya shiga ya ɗibo, ya zo ya durƙusa gaban Barmo, ya ce, "Malam, mun zalunce ka. Ka sha, ka yafe mana."

Barmo ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Na yafe, duniya da lahira. Amma ruwan nan ba nawa ba ne. Ni zama kawai na yi a gindin marke."

Ya juya, ga 'ya'yansa uku a tsaye. Ya dubi Tabawa, wadda da ba ta adana lakar ba, ta kuma tona wa kanta asiri a gaban surukai, da babu abin da za a dafa balle a duba. Ya dubi Cindo, wanda ya bar rakensa ya lalace ya mayar da tulu bakwai cokali guda, ba tare da ƙwayar hayaƙi ta faɗa ba. Ya dubi Hansai, wadda ita kaɗai ta iya karanta hasken, ta ƙi gajiya, kuma ta tafi da niyyar faɗin gaskiya ko da a kan ubanta ne. Dattijo ya tsaya riƙe da ƙoƙon, gari duka ya zuba masa ido.

A nan na tsaya. Kada wanda ya ce mini a ba babba don girma, ko a ba auta don shagwaɓa, wannan gudun shari'a ne. Ƙoƙo ɗaya ne, baki ɗaya zai sha. To, in ku ne Barmo, wa za ku miƙa wa a cikin ukun nan?